Dodon Bango: Tambayoyi da Amsoshi kan Gajerun Finafinai Marasa Magana da Asalin Fim ɗin Tsoro

Duk sanda hira ta biyo ta kan finafinan tsoro, na bayan nan ake ambato, masu jini da kururuwa da kiɗa mai tsinka zuciya. Da wuya ka ji an tuna da kakanninsu, 'yan gajerun nan na minti ɗaya zuwa uku da aka ɗauka shekara sama da 120 da suka wuce, da kyamarar da ake juyawa da hannu. Na daɗe ina bibiyarsu, ina kuma ƙaunarsu. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kansu.

Mene ne fim marar magana, kuma yaushe aka fara shi?

Fim ne da aka ɗauki hoto mai motsi ba tare da an naɗi murya ba. 'Yan wasan suna magana, za ka ga bakinsu na motsi, na'urar ce dai ba ta da kunne. A Amurka kamfanin Thomas Edison ya ƙera wani akwati mai suna Kinetoscope, aka buɗe shagon kallonsa na farko a New York cikin Afrilun 1894. Ka biya, ka sunkuya, ka leƙa ta wata 'yar kafa, kai kaɗai. Kallon taro kuwa, wanda ake haska hoto a jikin farin kyalle, ranar da aka fi ambato ita ce 28 ga Disamba 1895, lokacin da aka tara mutane kallon finafinan wa da ƙane, Auguste da Louis Lumière, a wani ɗakin ƙasa na Grand Café a birnin Paris, kowa ya biya faran ɗaya. Wannan zamani ya ci gaba har ƙarshen shekarun 1920, bayan The Jazz Singer na 1927 ya nuna cewa murya na kawo kuɗi.

Me ya sa suka zama gajeru haka?

Kyamarar su Lumière zare mita 17 kawai take ɗauka, wanda bai wuce daƙiƙa 50 ba. Sannan babu gidajen silima tukuna. A tsakanin wasanni ake soka fim, bayan mai waƙa ya sauka kafin mai rufa ido ya hau, ko a cikin tanti a filin bikin kasuwa. Mai shiga tanti bai zo sauraron labari ba, abin mamaki ya zo gani. Sai wajen 1908 tsawon fim ya daidaita a kan faifai ɗaya, kimanin mita 300, wato kusan rubu'in awa.

Wanne ne fim ɗin tsoro na farko?

Wanda aka fi ba wannan kambu shi ne Le Manoir du diable, wato gidan Shaiɗan, na Bafaranshe Georges Méliès, wanda ya fito a ƙarshen 1896. Tsawonsa ya ɗan haura minti uku, a lokacin kuwa wannan dogon fim ne.

Ga abin da ke ciki. Wani ƙaton jemage yana shawagi a zauren tsohon gidan sarauta, kafin ƙiftawar ido ya rikiɗa ya zama Mephistopheles, shaiɗanin nan na tatsuniyar Faust ta Jamusawa. Ya ɗaga hannu sai ga ƙatuwar tukunya, ga wani ɗan guntun hadimi yana hura mata wuta, ga mace ta fito daga ciki. Sai jarumai biyu suka shigo da takubba. Hadimin ya dinga tsikarinsu ta baya yana ɓacewa, har ɗaya ya ranta a na kare. Wanda ya rage ya nufi benci zai zauna, benci ya koma wancan gefe. Da ya samu ya kai gare shi sai ya tarar da kwarangwal a zaune. Ya kai masa sara, kwarangwal ya zama jemage, jemage ya zama shaiɗan. Aka kawo masa kyakkyawar nan ta cikin tukunya, ya durƙusa ya kama hannunta, yana ɗagowa ya ga tsohuwa tukuf, ita ma ta yaɗu ta zama ayarin fatalwa cikin fararen mayafai. A ƙarshe ya ɗauko babban gicciye, alamar addinin Kirista, ya nuna wa shaiɗan, shaiɗan ya ja da baya.

A lambun gidan su Méliès da ke Montreuil, a gefen Paris, aka ɗauke shi, da zanen gini a jikin kyalle. An ɗauka ya ɓace, sai a 1988 aka gano kwafi a ma'ajiyar finafinai ta ƙasar New Zealand.

To, yana da ban tsoro kuwa?

A gaskiya a'a, kuma ba don haka aka yi shi ba. Méliès mai rufa ido ne. Mahaifinsa na da masana'antar takalma, shi kuwa ya sayar wa 'yan uwansa kasonsa ya sayi gidan wasan dabo na Robert-Houdin a 1888. Yana cikin waɗanda suka ga nunin su Lumière, ya nemi su sayar masa da na'ura suka ƙi, ya je Landan ya samo wata a hannun Robert Paul. Abin da yake nema wurin 'yan kallo shi ne shewa da riƙe baki, irin wanda yake samu a dandali. Sunan nan ma na fim ɗin tsoro bai kankama a bakin mutane ba sai bayan Dracula da Frankenstein na kamfanin Universal a 1931.

Amma ni ba na yarda a raina shi saboda wannan. Dubi kayan da ya baje a minti uku: tsohon gida, jemage mai rikiɗa, kwarangwal, fatalwa, kyakkyawar fuska da ke ɓoye mummuna, da abin tsarki da ake korar mugun abu da shi. Har gobe da waɗannan ake dafa fim ɗin tsoro. Kayan miyan ya tara su tsaf, wuta ce kawai bai hura ba.

Ba kwamfuta, ta yaya suke sa mutum ya ɓace ko ya rikiɗa?

Babbar dabarar mai sauƙi ce. Ana cikin ɗauka sai a tsayar da kyamara, kowa ya sandare a inda yake, a cire abu ko a sa wani, a ci gaba da juyawa. Daga baya a yanke zaren a daidai gaɓar a manne shi, don kada ido ya ga ɗinkin. Méliès ya sha ba da labarin cewa bisa tsautsayi ya gano ta: yana ɗaukar titi a dandalin Opéra kyamara ta cije, da ya wanke fim sai ya ga keken fasinja ya koma keken ɗaukar gawa. Sai dai an riga shi. A 1895 Alfred Clark na kamfanin Edison ya yi wani fim na daƙiƙa 18 kan kisan Sarauniya Mary ta Scotland. Ɗan wasa, namiji ne cikin shigar mata, ya durƙusa ya ɗora wuya a kan gungume, hauni ya ɗaga gatari, aka tsaya, aka sa mutum-mutumi. Gatari ya sauka, kai ya faɗi, hauni ya ɗaga shi sama. Idan ana neman hoton farko da aka shirya don hantar mai kallo ta kaɗa, ni wannan zan nuna.

Ta biyu ita ce ɗauka biyu a kan zare ɗaya. A ɗauki ɗaki, a mayar da zaren baya, a sake ɗaukar mutum cikin farin kaya a gaban baƙin kyalle. Idan aka wanke sai ka ga mutum ana hango bango ta cikin jikinsa. George Albert Smith na yankin Brighton a Ingila ya ƙware a wannan, da ita ya yi Photographing a Ghost a 1898, wanda ya ɓace. Shi ne kuma ya yi The X-Rays a 1897, shekara biyu kacal bayan masanin kimiyya Röntgen ya gano hasken da ke ratsa tsoka: saurayi da budurwa na zance a benci, aka haska su, sai ga kwarangwal biyu suna ci gaba da zancensu, lemar budurwar ma saura ƙarafuna.

Ta uku ta fi cin rai, ɗaukar hoto ɗaiɗai. A matsar da wuƙa kaɗan, a ɗauka, a ƙara matsarwa, a ɗauka. Haka J. Stuart Blackton ya yi a The Haunted Hotel na 1907, inda wuƙa ke yanka burodi ba hannun kowa. Segundo de Chomón, ɗan Sifen da ke aiki a kamfanin Pathé, ya kai wannan fasaha maƙura. Sauran kuwa kayan dandali ne da Méliès ya taho da su: zare marar ganuwa, ƙofar ɓoye a daɓe, hayaƙi.

Da gaske ne mutane sun tsere da suka ga jirgin ƙasa ya nufo su a kyalle?

Labarin ya shahara, game da fim ɗin su Lumière na isowar jirgi tashar La Ciotat da aka nuna a farkon 1896. Masana tarihin fim da yawa na ganin an ƙara masa gishiri, don babu rahoton lokacin da ya tabbatar da gudun. Abin da ya tabbata ya fi wannan daɗin ji. Marubucin Rasha Maxim Gorky ya kalli finafinan a bikin kasuwar Nizhny Novgorod a 1896, ya rubuta cewa ya shiga masarautar inuwoyi: mutane masu launin toka suna dariya ba sauti, kekuna na gudu ba ƙara. Ma'ana, tun kafin a sa fatalwa a fim, shi kansa fim ɗin fatalwa ne a idon wanda bai saba ba. Kakanninmu ma haka suka ji, shi ya sa da silima ta iso ƙasar Hausa ɗaya daga sunayen da aka laƙaba mata shi ne dodon bango.

Kafin fim, akwai wani abu makamancinsa?

Akwai, kuma shi tsoro yake sayarwa ƙiri-ƙiri. Daga 1798 wani ɗan garin Liège da ake kira Robertson ya riƙa tara mutanen Paris a ɗaki mai duhu, daga baya ma ya koma wani kangon gidan ibada. Yana da fitila mai haska zanen da aka yi a gilashi, ya ɗora ta a kan taya a bayan kyalle. In ya ja ta baya sai fatalwa ta kumbura kamar za ta faɗo kan mutane, wani lokaci kuma a jikin hayaƙi yake haskawa. Mutanen da suka fito daga juyin juya halin Faransa, suka ga kawuna na faɗuwa a dandali, su ne ke biya a nuna musu matattu. A Landan kuma, a 1862, John Henry Pepper ya nuna yadda ake fito da fatalwa a dandali da faifan gilashi da aka karkata. Daga sunan Turanci na irin waccan fitila ta Robertson kalmarmu ta majigi ta samo asali.

A shiru ake kallonsu, kuma baƙi da fari?

Ko ɗaya. Kusan kullum akwai mai kiɗan fiyano, manyan wurare kuma da cikakkiyar tawagar makaɗa. Sau da yawa akwai mai bayani a tsaye gefen kyalle. A Japan ana ce musu benshi, wasunsu sun fi 'yan wasan suna. Wanda ya ji labarin masu sharhin majigi na zamanin En'e, ko yake kallon finafinan Indiya da aka fassara, ya san yadda bakin mutum ɗaya ke iya ɗaukar fim.

Launi kuwa iri biyu ne. Akwai rina zaren baki ɗaya: shuɗi dare, ja gobara, ruwan ɗorawa hasken fitila. Akwai kuma shafa launi da burushi, hoto bayan hoto, alhali kowace daƙiƙa na cin hoto kusan 16. A Paris Élisabeth Thuillier na da wurin aiki mai mata kusan 200, kowace da launin da take shafawa. Nemi Le Chaudron infernal na 1903 ka ga aikin irinsu: koren aljani na jefa mutane a tukunya, jar wuta na tashi, launin na ɗan rawa a gefen jiki saboda hannun mutum ne ya shafa. Ba sunan ko ɗaya daga matan a jikin fim ɗin, kuma wannan na damuna duk sanda na kalla.

Faransa da Ingila ne kaɗai?

A'a. A Japan an yi gajerun finafinai biyu na fatalwa da tashin gawa a 1898, Bake Jizo da Shinin no Sosei, duk sun ɓace. A Faransa ma ba Méliès ne kaɗai ba, Alice Guy ta kamfanin Gaumont ta yi La Esmeralda a 1905, mai ɗauke da labarin wani mai ƙusumbi na cocin Notre-Dame. Kamfanin Selig na Chicago ya yi Jekyll da Hyde, labarin likitan da ke rikiɗa ya zama mugu, a 1908. Su ma babu su. Italiya ta fitar da L'Inferno a 1911, dogon fim kan azabar wuta daga waƙar Dante, shi kam yana nan.

Me ya sa ake yawan ambaton Frankenstein na 1910?

Domin a nan ne aka fara ganin dabo na yi wa labari hidima. Kamfanin Edison ne ya yi shi a ɗakin ɗaukarsa na Bronx, J. Searle Dawley ya ba da umarni, Charles Ogle ya fito a dodon, aka sake shi 18 ga Maris 1910, faifai ɗaya. Kamfanin har sanarwa ya yi cewa ya cire abubuwan ƙyama na littafin Mary Shelley na 1818, don lokacin masu wa'azi da hukumomi sun sa wa silima ido.

Labarin saurayi Frankenstein ne da ya ƙirƙiri dodo, amma ba a ɗinka gawa a nan. Saurayin ya zuba magunguna a ƙatuwar tukunya, ya rufe ƙofofin ƙarfe, ya leƙa ta 'yar kafa, mu ma muka leƙa tare da shi. Cikin hayaƙi sai ƙasusuwa suka fara haɗuwa, tsoka na hawa kansu kamar ana yaɓa ta, hannu ɗaya na ta lilo sama da ƙasa. Yadda aka yi shi ne, an ƙona mutum-mutumi, aka juya fim ɗin ya tafi da baya, shi ya sa hayaƙin ke komawa ciki maimakon fita. Na san dabarar sarai, amma lilon hannun nan bai taɓa fasa tayar mini da tsigar jiki ba.

Ƙarshensa ya fi. Dodon ya tsaya gaban dogon madubi, ya ɓace, amma hotonsa ya rage a ciki. Frankenstein ya shigo ya duba madubin, dodon ya gani a madadin fuskarsa, sai a hankali tasa ta dawo. Ba a furta kalma ba, an gaya maka inda dodon yake zaune. Kwafi ɗaya tak ya tsira, a hannun wani mai tara tsofaffin finafinai a jihar Wisconsin, daga baya ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya gyara shi ya sake shi ga jama'a a 2018.

Yaushe dabo ya koma tsoro na gaske?

Lokacin da masu fim suka koyi sa mutum jira. Méliès na kafa kyamara nesa, komai cikin haske, abu ya faru nan take. Tsoro kuwa yana son ka san abu na zuwa, ka kasa hana shi. Wannan darasi ba daga finafinan aljanu ya fito ba, daga na ɓarayi ne. Kalli Suspense na Lois Weber, 1913, kimanin minti goma: mace da jaririnta a gidan da ba maƙwabta, ta leƙo ta tagar bene, wani ɗan yawo da ke ƙofa ya ɗago kai ya zuba wa kyamara ido. An raba kyallen gida uku, ita tana waya, mijin na saurare, ɓarawon na shigowa.

Jamusawa ne suka haɗa wannan jira da kayan Méliès. A Der Student von Prag na 1913 ɗalibi matalauci ya sayar wa boka hotonsa na madubi, hoton ya fito ya riƙa binsa. Bayan yaƙin duniya na farko, wanda ya bar Jamus da matattu kusan miliyan biyu, sai ga Caligari na Robert Wiene a Fabrairun 1920, gidaje a karkace, inuwa ma fenti aka yi ta a bango. Abin lura, shi mugun, Caligari, mai nuna abin mamaki ne a tantin bikin kasuwa, da wani mai tafiya cikin barci a akwati. Fim ya waiwayi inda aka haife shi ya ga wurin da ban tsoro.

Sai Nosferatu na F. W. Murnau a 1922. Ɗan wasa Max Schreck ya fito a dodo mai shan jini, da kan ƙwarya, haƙoran ɓera, dogayen farata. Dabarun tsofaffi ne, ƙofa na buɗe kanta, gawa na miƙewa daga akwati a sandare, amma yanzu a hankali suke zuwa. Wurin da ya fi shahara ma ba a nuna shi kansa ba: inuwarsa ce ke hawa matakala, inuwar hannunsa ta miƙe a ƙirjin matar da yake farauta ta dunƙule, ita kuma ta gantsare. Bahaushen da ya taso da labarin maye mai kama kurwa ba ya buƙatar a fassara masa wannan. An ɗauko labarin daga Dracula ba izini, matar marubucin littafin, marigayi Bram Stoker, ta kai ƙara, kotu ta ce a 1925 a lalata duk kwafin. Waɗanda suka riga suka fita waje ne suka cece shi.

Ina sauran suka tafi?

Wuta ta ci wasu, ruɓa ta ci wasu, sakaci ya ci mafi yawa. Zaren wancan zamani da sinadarin naitiret ake yinsa, yana kamawa kamar fetur, ruwa ba ya kashe shi da sauƙi, in ya tsufa kuma ya narke ya zama gari. Tun 4 ga Mayu 1897 aka ga haɗarin majigi, ranar da fitilarsa ta tayar da gobara a wani bikin sadaka a Paris, mutum sama da 120 suka mutu, yawancinsu mata. Ma'ajiyar kamfanin fim na Fox ta ƙone a 1937, ta kamfanin MGM a 1965, inda kwafin ƙarshe na London After Midnight na ɗan wasa Lon Chaney ya tafi. Binciken ɗakin karatun majalisar Amurka na 2013 ya nuna kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinai marasa magana na ƙasar sun ɓace ɗungurungum.

Na Méliès ne ya fi taɓa ni. Ya yi finafinai sama da 500, kimanin 200 suka rage. Kasuwa ta juya masa baya, ya daina a 1913. Lokacin yaƙin duniya na farko aka narkar da ɗaruruwan kwafinsa don a ciri azurfa, ragowar aka yi dunduniyar takalman soja da ita. A 1923, bashi ya ci shi, ya tara na hannunsa ya cinna musu wuta. Daga nan ya koma sayar da alewa da kayan wasan yara a tashar jirgin Montparnasse tare da Jehanne d'Alcy, tsohuwar 'yar wasansa da ya aura. Daga baya aka tuno da shi, aka karrama shi a 1931, ya rasu a 1938.

Har yanzu dai ana tsintuwa. A 1978, a garin Dawson na arewacin Kanada, masu haƙa suka tono faifai sama da 500 da aka cike tsohon wurin ninƙaya da su, ƙanƙarar ƙasa ta adana su kusan shekara hamsin.

A ina zan kalla, kuma da wanne zan fara?

Kusan duk wanda na ambata da ya tsira yana YouTube ko Internet Archive kyauta, gajerun kuma ba sa cin data. Nemi kwafin da aka gyara, mai launi da kiɗa. In ka ga mutane na tafiya da sauri kamar an kunna musu wuta, ba haka aka yi shi ba: an ɗauka a kan hoto 16 zuwa 18 a daƙiƙa, aka haska a kan 24. Nosferatu marar rini ma yana ɓata labarin, don za ka ga mai gudun rana yana yawo da rana tsaka, alhali shuɗin rini ne ya kamata ya mayar da wurin dare.

Bi su a jere: kisan Mary, gidan Shaiɗan, The X-Rays, Le Chaudron infernal, Frankenstein, Suspense. Duka ba su kai minti arba'in ba. Ka bari sai bayan isha'i, ka kashe fitila, ka kira yaran gida su zauna kusa, kai ka zama mai bayani. Nosferatu kuwa ajiye shi sai sun yi barci.